Kofuna Masu Ƙafa da Soɓorodon Inna

Tun da na dawo daga Malanbil ban huta da tambaya ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye yadi ta gyara zama, wai in ba ta labari. Wadda ba ta da ɗinkin ma sai ta lalubo rigar da maɓalli ya cire don ta sami dalilin shigowa. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. Jiya aka ce mini wai har Kwatano na je, na shiga otal na yi ciniki da Bature. To, ga yadda abin ya kasance daga bakin mai shi, ko na sami sararin taka keken ɗinkina.

Ni Rabi, a Jega nake aure, ɗinki ne sana'ata. Mahaifiyata tana Maiyama, kowa Inna yake ce mata, kuma soɓorodo take yi tun ban san dama da hagu ba. Da shi ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu. A da ba a suna ko biki a unguwarmu ba a ga tulunanta jere a inuwa an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu ba. Citta, kanumfari, ɗan masoro, da wani abu guda da har yau ta ƙi gaya mini.

Sai aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Ma'aikata 'yan wajenmu suka dawo gida da iyalansu, shagali ya yawaita, amma kowane shagali ka leƙa akwatunan lemon kwalba ne jibge. Masu aiko wa Inna suka yi ta raguwa. Ana cikin haka wani ɗan unguwarmu ya sami babban matsayi a Birnin Kebbi, aka sa ranar walima. Matarsa Hajiya Kulu, wadda soɓorodon Inna aka sha a bikinta, ta zo da kanta ta durƙusa. Ranar ina gidan.

Ta ce, "Inna, wallahi soɓorodonki babu irinai. Amma baƙi za su taho daga Birni, manya-manya. Ƙaƙa zan miƙa masu kofin roba?"

Inna ta ce ba komai, ta sa mata albarka, ta raka ta har zaure. Da ta dawo ta zauna gaban murhu, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In anka yi walimag ga da lemun kwalba, ni kau na kihe tukunyata. Na gaji da dahwa abin da ba a biɗa."

Na san Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Na kuma san ranar da ta kife tukunyar nan, ranar za ta zauna ta tsufa. Ba abin da za ta ci nake ji ba, muna nan. Zaman nake tsoro.

Na taɓa kai ɗinki wani gida a Sakkwato aka ba ni soɓorodo a kofin gilashi mai faɗin ciki da doguwar ƙafa. Ko rabin na Inna bai kai daɗi ba, amma yadda jansa ke ƙyalli a cikin kofin nan sai da na ji kunyar shanyewa. Na je na kwatanta wa Hajiya Kulu. Ta ce in dai za a sami irinsu, ta bar wa Inna manyan baƙi. Matsalar ita ce na taɓa tambayar kuɗinsu a wani kanti, na fito ban yi sallama ba. Kawu Mamman, ƙanen Inna, mai fataucin albasa a Aliero, shi ya ce in kwantar da hankalina, a Malanbil ta ƙasar Binin a ƙasa ake baza su, kuma motarsu na gab da tashi. Maigidana mahauci ne, ba shi da yawan magana. Ya ce, "Da Kawu za ki? To." Ya ƙunso mini kilishi mai yawa, abin da ya fi dogon jawabi amfani a tafiyar nan.

A Aliero na hau mota. Wanda bai taɓa ganin lodin albasa ba bai san wari ba. Buhuna har sun fi kan motar tsawo, an ɗaure da igiya, ƙamshin kuma ya shiga zanena ya shiga kitsona. Matar Kawu tana ɗaura mini guzuri tana tsokanata, da yake Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya: "In ƙahwak kofin ta karye ki kawo shi nan, kin san garin ɗori na." Aka sa ni gaba, jikin ƙofa, Kawu a tsakiya, sai direba, wani Garba, mutumin kirki amma bakinsa ba ya rufuwa. Kafin mu sake ratsa Jega na san sunan surukarsa da ciwon da ke damunta. Kafin Kalgo na san wanda ya cuce shi a cinikin akuya.

Bayan Bunza taya ta fashe. Muka sauka gindin wata bishiya, maza suka shiga aikinsu. Wasu Fulani mata suka zo da fura da nono, wata dattijuwa a cikinsu ta dama mini, ta tambayi inda za ni. Na ce sayen kofi. Ta ce kofi ya ƙare a Jega ne? Na kwatanta mata da hannu, ciki kaza, ƙafa kaza, ana ganin abin da ke ciki ta waje. Ta juyo mini gindin ƙwaryarta, ta nuna mini ɗinki har wuri biyu.

"Wagga ta hwaɗi daga kaina, an ɗunke. Naki in ya hwaɗi ana ɗunke shi?"

Na ce a'a. Ta dube ni da tausayi sosai, ta ƙara mini nono ludayi guda kyauta.

Iyaka kuwa ta ba ni kunya. Ni da na kwana ina zaton zan ga ganuwa da ƙofar ƙarfe, sai na tarar da sanda an gitta a kan ganga bayan Kamba, ga awaki suna wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarsu takarda. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya leƙo cikin mota da baƙin tabarau. Tsoro ya sa na sauko na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ya amsa da Hausa tas, har da tambayar mutanen gida, ya ce in tashi kada in ɓata zanena. Garba ya yi ta dariya har Gaya. Abin da ya tsorata ni da gaske gadar kogin Kwara ce, wadda ke tsakanin Gaya da Malanbil. Ni da nake alfahari da gulbinmu na Jega, ranar na san ɗan ƙarami ne. Na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace, har Kawu ya taɓa ni ya ce mun sauka ƙasar Binin, in bar wa dawowa sauran addu'ar.

Masaukinmu gidan fatoma ne, wato mai saukar da 'yan albasa yana nema musu masu saye. Maza suka tsaya rumfar waje cikin buhuna, ni aka shigar da ni wurin matar gidan, Hamsatu, mutuniyar Dendi. Tana jin Hausa, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Kai ya zo lafiya? Kai ya gaji?" Da farko har waiwaye nake in ga wane namiji ya biyo ni. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta kawo ruwan wanka ba tare da na roƙa ba, ta kuma toshe hanci tana dariya don warin albasar da na shigo da shi. Nan take na ji ta kwanta mini.

Abincinsu ne muka sha fama. Ta kawo wani farin tuwo mai santsi da tsami da suke kira akasa, kamar kamu ya kwana ya daskare, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir. Babu miya, babu man shanu. Na kai loma ɗaya hawaye ya zubo. Hamsatu ta zaci kewar gida ce, ta dafa kafaɗata tana ba ni haƙuri, ta ƙara mini barkonon. Da safe kuma aka kawo burodi dogo kamar muciya, mai tauri, wanda na ga mutane suna saƙale shi a hammata ba takarda ba leda. A wajenmu burodin da ya yi wannan tauri awaki ake ba. Can kuwa sai an tsoma shi a ruwan gahawa da madara, a kwano, sannan ya yi laushi, kuma gaskiya in ya jiƙa ba laifi. Na fito da kilishin maigidana muka ci tare. Hamsatu ta tauna ta lumshe ido, ta ce in wannan mutum ne mijina, in koma gida da wuri.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne mata a kan babur. Ba a bayan wani ba, su ke tuƙi, da goyo a baya da kwandon kifi a gaba, suna danna ƙaho ana ba su hanya. Na tsaya baki buɗe har wata ta kusa ture ni. Sannan da rana ta take sai masu kantuna su ja ƙofa su tafi su kwanta, ko da mai saye na tsaye. Na ce a Jega ɗan kasuwar da ya yi haka sai a ce a kai shi a yi masa rubutu.

Hamsatu ce ta kai ni kasuwa. Mun ratsa 'yan doya, 'yan garin rogo, 'yan atamfa, inda na so in manta abin da ya kawo ni, har muka isa layin kayan fashewa. Ta tsayar da ni gaban wata ƙatuwar mace 'yar kudancin ƙasar, mai sarƙar gicciye a wuya, ana ce mata Maman Rozi. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana fita. Ga kofunan nan kuwa, irin wanda na gani a Sakkwato, jere a kan tebur rana na dukansu. Daɗi ya kama ni har na manta dokar ciniki, na nuna a fuskata.

Maman Rozi ta ce, "Hajiya, na jan giya kike so, ko na fari? Mai babban ciki na ja ne."

Na ce, "Na me?"

"Giyar inabi. Don ita aka yi su."

Na ce a'uzubillahi, na ja da baya har na taka ƙafar Hamsatu. Wallahi ban sani ba. Ashe abin da na ƙetare ƙasa biyu ina nema kofin mashaya ne. Na tuna Inna, wadda ko kwalbar da ba ta san asalinta ba ba ta zuba man gyaɗa a ciki. Maman Rozi ta tambayi me zan zuba, na ce soɓorodo, Hamsatu ta fassara mata. Sai ta tafa hannu ta ce ai su ma suna sha, ita kanta a irin kofin take ba baƙinta ranar Lahadi. Ta ce sabon kofi daga kamfani ya fito, babu abin da ya taɓa shiga cikinsa sai iska. Na auna maganar. Gilashi dai yashi ne aka narka, haka na taɓa ji, kuma Inna na can na jiran walima. Na ce a nuna mini.

Iri uku gare ta. Akwai marasa kauri, waɗanda in ta ɗalla musu farce sai su yi ta kuka kamar ƙararrawa. Kyau kam ba a magana, amma tsada, kuma ta ce ko kallon banza ka yi musu sai su tsage. Akwai na gwanjo daga otal-otal na Kwatano, arha kamar a ba ka kyauta. Waɗannan ko taɓa su ban yi ba, don na san abin da suka sha. Sai na uku, sababbi a kwalinsu, masu ɗan kauri da gajeriyar ƙafa. Ta ce ga na mai sana'a.

Ba ta bar ni na ɗauki kwali a rufe ba. Ta sa muka fito da su ɗaya-ɗaya. Kowanne sai na ɗaga shi sama na duba ko da tsaga ko ƙwayar iska a jikinsa. Sai na zagaya bakinsa da yatsa, in na ji kaushi a mayar, kada ya yanki leɓen baƙo. Sai na dasa shi a kan tebur na ɗan taɓa, wanda ya yi rawa gindinsa ba daidai ba ne. Ta nuna mini mahaɗin ƙafa da ciki, ta ce nan ne ajalinsu, in zaɓi mai kaurin wuya. Mun mayar da da yawa, ba ta ɓata rai ba. Sannan ta kama hannuna kamar mai yi wa amarya faɗa. Ban da toka, ban da yashi, ban da soson ƙarfe. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗan sabulu, tsumma mai laushi. In za a goge, a tallafi cikin, kada a riƙe gindi a murɗa, ƙafar za ta rabu. A goge da tsohon zanen auduga tun bai bushe ba, don kada ruwa ya bar tabo. A ajiye su tsaye, kada a cusa wani cikin wani. In za a zuba, a tsaya inda cikin ya fi faɗi, kada a cika. Mai sha ya riƙe ƙafa, don kada zafin hannu ya kashe sanyin. Ta maimaita abu ɗaya har ta gundure ni.

"Ruwan zafi, a'a. Kin ji? Ruwan zafi, a'a."

Cinikin na bar wa Hamsatu, don lissafin kuɗinsu ya juya mini kai. Suka yi ta yare, suka yi kamar za su daku, suka rungumi juna. Na tashi da dozin biyu, kowanne an naɗe shi da takarda an sa a gurbinsa, da sauran canjin da ya ishe ni turmin atamfa. Da za mu rabu da Hamsatu na bar mata ragowar kilishin, ita kuma ta cusa mini burodin nan guda biyu. Mun yi kuka kaɗan, ni da matar da har na tafi ba ta daina ce mini "kai" ba.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Motar da ta sauke albasa ba ta da nauyi, kowane rami sai ta yi tsalle. Garba ya ce a sa kwalin a baya, na ce sai dai a sa ni tare da shi. A kan cinyata ya zauna tun daga Malanbil, na rungume shi, duk ramin da muka faɗa ina jin ƙarar gilashi har cikin haƙorana. A iyakarmu wani ma'aikaci ya ce a buɗe. Ya zaro ɗaya, ya warware takardar, ya ɗaga, ya dube ni da lulluɓina, ya yi murmushi.

"Hajiya, ashe ana taɓawa? Wannan ai na jan giya ne."

Wasa yake yi, ya mayar ya rufe da kansa, har ya ce Allah ya kai lafiya. Amma na ga kunnen Garba ya motsa. Na roƙe shi don Allah ya bar maganar a Kamba. Ya rantse. Na sauka a Jega ƙafafuna sun kumbura sun yi tauri, sai da maigidana ya kama ni na shiga gida. Kafin in warware in kama hanyar Maiyama, rantsuwar Garba ta karye a tasha, 'yan kasuwa sun kwashi labari sun riga ni isa.

A bakin titin Maiyama 'yan kabu-kabu suka taso, na ce ko kyauta ba na hawa da wannan kaya. Na taka da ƙafa, kwali a ƙirji. Tun daga yadda mata ke amsa gaisuwata na san an ji. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince soɓorodo. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta nuna murnar ganina, wannan na saba. Amma yau ko kwalin ba ta duba ba.

"Ke, an ce kofunan mashaya kinka ɗauko mani."

Na ce, "Inna, sababbi ne. Daga kamfani. Ba wanda ya taɓa sha a ciki."

"Kina wurin?"

Na fito da ɗaya na goge, na ɗebo ɗan soɓorodon da ta dafa na sayarwa na zuba. Rana ta ratsa shi. Inna ta daina tsintar, ta daɗe tana kallo, na ga abin ya shige ta, amma ta kawar da kai. Ta ce sai an tsarkake su. Na ce to, ai dama za a wanke, na karanta mata duk dokokin Maman Rozi tana gyaɗa kai. Na ɗauki wanda na zuba na tafi in nuna wa Hajiya Kulu.

Hajiya Kulu ta yi murna ƙwarai. Ita ma ta ji maganar, amma ta ce a Sakkwato gidajen malamai ma ta ga irinsu. Ta tsare ni da hira da abinci, na daɗe. Ina dawowa tun daga zaure na ji wani sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na shiga da gudu.

Inna na tsugune gaban murhu, maƙwabta mata sun kewaye ta. Ta jera kofunan a babban kwano, ta fara ɗauraye su da ruwan randa mai sanyi, sannan tana ɗebo tafasasshen ruwa da ludayi tana kwarara wa kowanne. Wanki bakwai take musu, irin na ƙwaryar da kare ya lasa. A gefe ga tarin fasassu, wasu sun rabe biyu, wasu ƙafa ce kawai ta rage.

Na ce, "Inna! Ruwan zafi!"

Ko gezau. Ta ce, "Na hwarko da yah hwashe nic ce, to, wanga an sha ciki. Na biyu ma haka. Ki bar su, Allah na ka hidda su. Wanda yaj jure, shi na mai tsarki."

Maƙwabta suka ce ƙwarai kuwa, sun gani da idonsu. Kusan rabin kofunan sun tafi. Na tuna gadar Kwara, na tuna ramukan Bunza da cinyata, baƙin ciki ya kama ni. Ba a ɗaga wa uwa murya, don haka na zagaya bayan ɗaki na yi kukana mai isata. Ban ji zuwanta ba, sai na ga ta ajiye kwano a gabana. Ragowar ruwan zafin ne, ta surka. Ta ce, "Miƙo ƙahwahun nan, sun kumbura." Ta tsoma tsumma ta shiga gasa mini. Rabon da Inna ta taɓa ƙafata tun ina yarinya. Haushin ya sauka, ya bar ni da dariyar da nake ta dannewa.

Abin da ban zata ba, fashewar nan ita ta kashe surutu. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Inna ta tace kofunan, masu laifi sun fashe, masu tsarki sun tsira. Ban gyara wa kowa ba. Na dai kafa doka cewa daga yau ni ke wanki, kuma an gama tsarki har abada.

Ranar walima Inna ta tashi da kuzarin da na daɗe ban gani ba. Ta dafa, ta tace, ta sake tacewa, ta juya mana baya lokacin da za ta sa abin nan nata. Aka samo ƙanƙara daga Jega cikin buhun ƙaiƙayi. Mu mata muna ciki, ba mu ganin rumfar maza, sai dai ƙanen mijin Hajiya Kulu ya zo ya ɗauki tire ya fita. Na zuba daidai inda cikin ya fi faɗi. Inna ta ce rowa ce, na ce doka ce. Tire na farko ya fita. Inna ta kama gyaran itacen da ba ya bukatar gyara. Can sai ga shi ya dawo, kofuna duk wayam, ya ce a ƙaro, kuma wani babba ya ce a tambaya ko akwai na tafiya da shi gida. Da yake kofunan ba su kai yawan baƙin ba, haka muka yi ta yi, ina wankewa da ruwan ɗumi ina gogewa, Inna na zubawa, tire na fita. An sha lemo ma, ba zan yi ƙarya ba, an sha sosai. Amma tulunan Inna sai da aka kwantar da su aka tatse.

Da taro ya fara watsewa Hajiya Kulu ta shigo da wata baƙuwa daga Birni, mai fara'a, wadda ƙanwarta ta haihu ana shirin suna. Ta gaida Inna da ladabi, ta yaba, sannan ta ɗauki kofi ɗaya tana juyawa. Ta ce ko za a sayar mata da su, ko a ba ta aro, za ta aiko mota ta ɗauka ta dawo da su lafiya. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta riga ni. Ta goge hannu a zane.

"Hajiya, kofunan ga ba su tahiya su kaɗai, ba su san hanya ba. In kina biɗassu, sai dai motak ki ta ɗauko har da tsohuwa da tukunyatta."

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai haka ta fi so, ta faɗi ranar. Suka fita. Inna ta tsaya tana duban 'yan kofunan da suka rage a kan tire, leɓenta na motsi. Sannan ta juyo wajena, ta ɗan ɗaure fuska yadda ta saba.

"Ke, ba su isa taron Birni. Motan nan ta Mamman, yaushe za ta koma?"

Ƙafafuna ba su gama saɓewa ba, amma na ce zan tambaya.